Fuskar Giwa A Littafin Ɗan CM2: Me Malami Zai Ce?

A zangon karatun da ya gabata na je wata lakwal ta bayan gari domin duba ɗaya daga cikin ɗaliban da muke horarwa, lokacin yana gwajin koyarwa a ajin CM2. Darasin zane ne. Ya ce wa yara kowa ya zana wata fuska da ya taɓa gani a wurin biki ko wasa. Galibinsu suka zana abin da kowa zai yi tsammani, wannan ɗan kokowa da layunsa, wancan dogari da jan rawani, wata yarinya kuma amarya da lulluɓi. Can a bencin baya wani yaro ya zana mutum mai kan giwa, da kambi a kansa, haurensa ɗaya a karye. Na kusa da shi ya zana wani mai gashin baki da kawuna goma a jere. Malamin ya ɗaga littafin mai giwar sama ya ce, "Kai, wannan wane aljani ne ka kwaso mana cikin aji?" Aji ya kwashe da dariya. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce a fim ɗin Indiya ya gani, a salular yayansa. Aka yage takardar, aka ce ya yi istigfari, darasi ya ci gaba.

Da aka fita shan iska na ja malamin gefe na tambaye shi ko ya san abin da yaron ya zana. Ya ce, "Wallahi mushe ban sani ba, na dai ga kamar kayan tsafi ne." Ban kama shi da laifi sosai ba, domin mu da muke horar da shi ba mu taɓa ce masa uffan a kan irin wannan ba. Ni kaina da a shekarata ta farko ta koyarwa ne, wataƙila abin da zan yi ke nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hauren nan karyayye. Yaron bai yi kuskure ba. Haka siffar take a wurin masu ita, haure ɗaya cikakke, ɗaya a karye, kuma da dalili. Ke nan yaro ɗan shekara 12 ya kalli abu a ɗan gilashin salula, ya riƙe shi daki-daki, ya fitar da shi a takarda. Irin lurar da muke shan wahalar nema wajen yara ke nan, ga ta ta zo da ƙafarta, sai muka yage ta.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, malami da uba da uwa a ƙasar Hausa ya kamata su san wani abu game da ma'anar waɗannan fuskoki, gwargwadon abin da za su iya amsa wa yaro idan ya tambaya. Sanin ba zai taɓa imanin kowa ba. Rashinsa ne ke barin yaro shi kaɗai da salula.

Indiya ta daɗe a gidajenmu

Wani zai ce mene ne haɗinmu da bukukuwan mabiya addinin Hindu. Haɗin ya girme mu. Tun shekarun 1950 finafinan Indiya suka shigo ƙasar Hausa, iyayenmu suka kalli irin su Mother India na 1957 har suka haddace waƙoƙin da ba su jin ma'anarsu. Yau abin ya wuce nan, domin ana fassara finafinan da Hausa, ana tura su a salula da kuɗi ƙalilan, yaro na kallo a fada ko a ɗakin uwarsa. Cikin finafinan nan akwai bukukuwa, akwai gumaka, akwai masu rawa sanye da fuskokin aro, wato fuskar da ake ƙerawa a ɗora a kan ta mutum. Fim ɗin Kantara na 2022 ma kacokan a kan irin wannan ya ginu, a kan wata rawar ibada ta gaɓar tekun jihar Karnataka inda mai rawa ke fitowa a siffar abin bautar da suke kira Panjurli.

Ban da fim, mutanenmu na zuwa Indiya neman magani da karatu, baburan da ke yawo a titunanmu da yawansu ƙirar can ne, kuma babban zauren taro na Mahatma Gandhi da aka buɗe a Yamai a watan Janairun 2020 Indiya ce ta ba da kuɗin gina shi. Mabiya Hindu sun haura mutum biliyan 1 a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 na al'ummar Indiya. Yaron da ke CM2 yau zai iya zama likitan da zai yi aiki da su gobe. Bai kamata iyakar abin da ya ji daga bakin malaminsa game da su ya zama kalmar "aljani" ba.

Fuskar aro karatu ce

Mu ɗauki misali guda mu tsaya a kansa. A gabashin Indiya akwai wata rawa da ake kira Chhau, ana furta ta kamar "cau". Iri uku ce: ta Purulia a jihar Bengal ta Yamma, ta Seraikella a jihar Jharkhand, da ta Mayurbhanj a jihar Odisha. Biyun farko da fuskar aro ake yin su, ta ukun da fuskar mutum a buɗe. Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2010. Lokacinta mafi girma shi ne bikin Chaitra Parva a watan Afrilu. Ana yin ta da dare a fili, mutane sun kewaye kamar yadda muke kewaye filin kokowa, da manyan ganguna da wani abin busa mai kama da algaita.

A yankin Purulia akwai wani ƙauye mai suna Charida wanda sana'ar gidaje da yawa a cikinsa ita ce ƙera waɗannan fuskoki, ɗa ya gada wajen uba. Da yumɓu ake fara tsara siffar, a barbaɗa toka, a yi ta manna takarda hawa-hawa, a shafa laka, a rufe da tsumma, a goge, a shanya a rana. Idan ta bushe sai a ɓanɓare ta daga jikin yumɓun, a huda idanu da hanci, a yi fenti, sannan a ƙawata kan da duwatsun ado da gashin tsuntsu da kayan ƙyalƙyali.

Mai rawar ba ya magana. Mai kallo kuma yana nesa, ga dare. To yaya ɗan ƙauye zai gane wane ne ya shigo fili? Da launi da alamomi. A al'adar Purulia, Durga da Lakshmi da Kartik ana ba su ruwan ɗorawa mai duhu ko ruwan goro. Shiva da Ganesha da Saraswati fari. Kali baƙi ko shuɗi. Rama da Krishna ana yi musu wani tambari a goshi. Miyagun labarin, waɗanda suke kira asura, ana yi musu baƙi ko kore mai duhu, da gashin baki mai kauri, da manyan idanu, da haƙora a waje. Kafin mai rawa ya ɗaga ƙafa, kowa ya san ko wane ne shi da abin da ya zo yi. Wannan karatu ne, sai dai ba da baƙaƙe ba.

Wanda yaron nan ya zana shi ne Ganesha, kuma da shi ake buɗe wasa a Purulia, domin a wurinsu shi ne mai kawar da cikas, shi suke kira a farkon kowane aiki. Masu bayaninsu na cewa manyan kunnuwan alama ce ta yawan sauraro, babban kan kuma alama ce ta hikima. Hauren fa? Ɗaya daga cikin labaran da suke bayarwa shi ne, lokacin da wani masani mai suna Vyasa yake shifta masa dogon littafin nan na Mahabharata, sai ya karya haurensa ya mai da shi alƙalami don kada rubutu ya tsaya. Shi ya sa ɗalibai da marubuta a can suke ganin nasu ne.

Mai kawuna goman kuwa Ravana ne, sarkin Lanka a labarin Ramayana, wanda ya sace Sita matar Rama. Shi ba abin koyi ba ne a labarin, shi ne babban mugu. Amma ba jahili ba ne. Wani bayani na cewa kawunan goma suna nufin littattafan Veda 4 da fannonin ilimi 6 da ya ƙware a kansu. Wani bayanin na cewa munanan halaye goma ne, irin su sha'awa da fushi da kwaɗayi da girman kai da hassada. Duk wanda aka ɗauka, darasin a fili yake ga malami: mutum na iya tara ilimin kai goma, rashin tarbiyya ya kai shi ƙasa. Kowace shekara a ranar bikin Dussehra, cikin Satumba ko Oktoba, ana kafa manyan mutum-mutumin Ravana a garuruwan arewacin Indiya a cinna musu wuta. Ashe yaro na biyu hoton girman kai ya zana bai sani ba, malaminsa ma bai sani ba.

Haka sauran suke. Ido na uku a goshin Shiva alama ce ta gani na basira da kuma ikon hallakarwa. Shuɗin maƙogwaronsa daga labarin da ke cewa ya shanye wata guba ne don kada ta hallaka duniya. Durga ana nuna ta da hannuwa goma, kowanne da makami, tana kan zaki, tana yaƙar Mahishasura mai siffar ɓauna. A labarin, ya sami alkawarin cewa babu namijin da zai iya kashe shi, ya raina mace har bai sa ta cikin lissafi ba, ita kuwa ta zama ajalinsa. Wannan yaƙi na daga cikin wasannin da aka fi so a Purulia. Kali kuma, wadda harshenta ke waje kuma ta fi kowa firgita yaranmu, mutanen Bengal da yawa na fassara harshen nan da cewa kunya ce, ta cije shi ne lokacin da ta farga ta taka mijinta Shiva cikin zafin yaƙi. Hanuman mai fuskar biri alama ce ta ƙarfi da biyayya ga ubangida.

Akwai misalin da ya fi kusa da sana'armu. A jihar Assam, wani mai wa'azin addininsu, Srimanta Sankardev, wanda aka haifa a 1449, ya kafa wani irin wasan kwaikwayo da ake kira Bhaona domin isar da labaran addini ga mutanen karkara da ba su iya karatu ba. Har yau a tsibirin Majuli da ke cikin kogin Brahmaputra ana ƙera fuskokin wannan wasa da tsagin gora da tsumma da laka da kashin shanu. Mu malamai mun san sunan wannan, kayan koyarwa ne da aka haɗa da abin da ke kusa.

Inda damuwar iyaye take da gaskiya

Ba zan yaudari kowa in ce abin nan ado ne kawai ba. A wurare da yawa ibada ce tsantsa. A Ramnagar, tsallaken kogin Ganges daga birnin Varanasi, ana yin wasan Ramlila na kusan wata guda kowace shekara tun ƙarni na 19, bisa littafin da Tulsidas ya fara rubutawa a 1574. Yara maza ne ke fitowa a matsayin Rama da ƴan'uwansa da Sita, kuma da zarar an ɗora musu kambi, masu kallo na ɗaukar su a matsayin ababen bautar da kansu, har a kafaɗa ake ɗaukar su. A garin Bhaktapur na ƙasar Nepal, fuskokin Navadurga ana ɗaukar su kamar masu rai. Kowace shekara ana ƙona su kamar yadda suke ƙona gawa, a adana tokar, a cuɗa ta cikin sababbin da za a ƙera. A arewacin jihar Kerala, mai rawar Theyyam yakan kwashe sa'o'i ana yi masa zane a fuska, idan an gama ya dubi madubi, daga nan a wurinsu ya daina zama mutumin da aka sani, mutane na zuwa neman albarka da shawara wajensa.

Musulmi bai yarda da ko ɗaya daga cikin wannan ba, Kirista ma haka, kuma babu mai neman su yarda. Saboda haka uban da ya ce ba ya son a sa ɗansa ya ƙera fuskar Ganesha a aji ko ya sanya ta a wasan ƙarshen shekara, ina bayansa. Dalilina biyu ne. Na farko, ya saɓa wa aƙidar gidan da yaron ya fito, kuma lakwal ba ta da hurumin yin haka. Na biyu, su kansu masu abin ba wasa suka ɗauke shi ba, mai da shi abin dariya a dandalin makaranta rashin mutunci ne a gare su. Iyakar da nake ja ke nan: bayani e, kwaikwayo a'a.

Amma wanda ya ce bayanin ma haramun ne, sai in tuna masa da magabata. Abu Raihan al-Biruni, babban masanin Musulmi da aka haifa a 973, ya koyi harshen Sanskrit, ya zauna da malaman Hindu, ya rubuta littafi mai babi 80 a kan Indiya wajen shekarar 1030. A ciki akwai babi guda a kan gumakansu, inda ya kawo siffofinsu da yawan hannuwansu da abin da suke riƙe da shi. Ya bayyana tun a gabatarwa cewa manufarsa ita ce kawo abin da suke faɗa yadda suke faɗarsa, ba jayayya ba. Bayansa al-Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya rubuta al-Milal wa al-Nihal a kan addinai da ƙungiyoyi, har da na Indiya. Babu wanda ya ce waɗannan malamai sun bar addini don sun san na wasu. Sannan a cikin suratul An'am akwai ayar da ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Malamin da ya sa aji ya yi dariya yana ganin addini yake karewa, alhali ladabin da addinin ya koyar ne ya bari.

Wani kuma zai ce, mushe, yaranmu na isa CM2 ba su iya karanta jimla ɗaya ba, wasu a rumfar kara suke karatu, aji ɗaya ya haura yara 70, kai kana zancen fuskokin Indiya? Wannan magana ce mai nauyi, kuma na fi kowa sanin gaskiyarta. Ba sabon darasi nake nema a saka cikin manhaja ba. Abin da nake nema bai wuce minti biyar ba, ranar da yaro ya kawo tambayar da kansa. Yage takardar nan da dariyar da ta biyo baya ma sun ci minti biyar ɗin.

Na uku zai ce a hana su kallon finafinan kawai a huta. Uba na da iko ya tace abin da ake kallo a gidansa, kuma ina ma a ce da yawanmu muna yi. Sai dai wanda ya riga ya gani ya gani. In ka hana a gida, akwai salular maƙwabci. Yaron da aka kunyata don ya tambaya ba daina kallo zai yi ba, daina tambaya zai yi, kuma wannan ya fi haɗari.

Abin da yaro ke sha ba tare da an lura ba

Akwai wani dalili da ya fi duk waɗannan damuna, kuma ban cika jin iyaye na zancensa ba. Ku koma kan launukan Purulia. Miyagu baƙi ko kore mai duhu, da yawan na kirki fari ko ruwan ɗorawa. A finafinai ma sau da yawa haka ne, jaruma fara sol, ɗan daba mai duhun fata. Yarinya baƙa ƴar Maraɗi ko Damagaram tana kallon wannan kullum, babu mai ce mata komai. Me take koya game da fatarta? Mun san yadda man bilicin ya cika kasuwanninmu. Ba na ɗora wa fim laifin duka, amma ba na wanke shi.

Malamin da ya san abin zai iya buɗe wannan magana, kuma zai tarar cewa su kansu Indiyawa suna muhawara a kai. Sunan Krishna ma'anarsa baƙi ko mai duhu, shuɗin da ake shafa masa a hoto hanya ce ta nuna duhun fatarsa. Rama ma mai duhun fata ne a labarinsu. Kali baƙa ce, kuma miliyoyi na kiran ta uwa. Ke nan ko a cikin al'adar, baƙi ba kullum yake nufin sharri ba. Sannan a jihar Jharkhand akwai wata ƙaramar ƙabila da ake kira Asur, waɗanda da yawansu ke ɗaukar Mahishasura a matsayin kakansu kuma sarkinsu, lokacin da wasu ke murnar nasarar Durga su juyayi suke yi. A Kerala kuma, masu rawar Theyyam galibi daga gidajen da tsarin fifikon haihuwa na Indiya ya ajiye a ƙasa suke fitowa, amma ranar biki manyan masu gona na rusuna musu. Akwai ma wani nau'i, Pottan Theyyam, wanda labarinsa gaba ɗaya suka ne ga wannan fifiko.

Tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan ita ce, wane ne ya zana fuskar mugu, kuma da wa ya kamanta ta? Yaron da ya koyi yin wannan tambaya a kan fuskar aro ta Indiya zai yi ta a kan talla, a kan hoton da aka turo masa a WhatsApp, a kan yadda littafin tarihi ya zana kakanninsa. Ban san wani makami da lakwal za ta ba yaro a wannan zamani da ya fi wannan amfani ba.

To me malami zai ce?

Ga abin da nake gaya wa ɗalibaina yanzu. Da farko ka tambayi yaron ina ya gani da abin da ya fahimta, domin sau da yawa ya fi ka sanin labarin. Sannan ka faɗi sunan abin da masu shi: wannan Ganesha ne, mabiya addinin Hindu a Indiya ne ke girmama shi. Ka riƙa cewa "a wurinsu" da "suna cewa", yaro na jin bambancin nan sarai. Ka ba da ma'anar alama ɗaya ko biyu. In ba ka sani ba, ka ce za ka bincika, kuma ka bincika ɗin. In yaro ya tambaya ko gaskiya ne, ka ce wannan imaninsu ne, namu daban, ka bar sauran ga iyayensa da malaminsa na allo.

Daga nan ka dawo da shi gida. Tambaye shi yadda yake gane sarki daga naɗin rawaninsa, yadda tsofaffi ke gane Bagobiri daga zanen fuskarsa, dalilin da ya sa maharbi ke ɗaura kan burtu a goshi idan zai shiga daji, abin da samarin Wodaaɓe ke son nunawa da kwalliyar fuska a Gerewol. Masu cewa a fara koya wa yara namu kafin na wasu sun yi gaskiya, kuma ga ƙofar shiga nan. Yaron da ya zo da giwar Indiya zai koma gida ya tambayi kakarsa ma'anar tsagar da ke kumatunta.

Ku kuma iyaye, wanda ya fi sauƙi shi ne ku zauna ku kalli fim ɗaya tare da yaranku, ko da rabinsa ne. Ku ji abin da suke ɗauka. Inda ya saɓa wa tarbiyyarku ku faɗa da bakinku, cikin natsuwa, da dalili. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa sai ya san inda iccen ya karkata.

Bayan sati biyu na koma lakwal ɗin nan. Ɗalibin nawa, Allah ya yi masa albarka, ya yi abin da manya da yawa ba su iyawa. Ya tsaya gaban aji ya ce ranar nan ya yi gaggawa, ya ba su labarin Ravana da kawunansa goma, ya tambaye su wane hali ne a cikin goman suka fi gani a unguwarsu. Hannuwa suka tashi ko'ina, aka yi ta gardama tsakanin masu cewa hassada da masu cewa kwaɗayi. Na duba bencin baya. Mai giwar yana saurare, amma bai ɗaga hannu ba, kuma malamin ya gaya mini tun ranar bai sake zana komai ba sai abin da aka zana a allo. Ina fatan zai dawo. Amma gyara bai kai rashin ɓatawa ba, shi ya sa na rubuta wannan, ko wani malami zai karanta kafin nasa yaron ya ɗago littafi.

Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.